Hannun da ya iya aiki, takardar da ba ta fito ba

Ɗan ƙanwata ya karanta gashin ƙashi a Jami'ar Bayero, ya daɗe yana tayar da masu shanyewar ɓarin jiki kafin ya tafi Amurka ƙaro karatu. Yana cikin jiran izinin aiki wani ya yi masa tayin duba tsofaffi a gidajensu, a riƙa biyansa a hannu. Sai ya kira ni: "Kawu, ashe ilimi ba amana ba ne? In ga mai ciwo in naɗe hannu saboda takarda?"

Tambayar ta tsaya mini a rai, domin Amurka da bakinta ta ce tana ƙarancin irinsa. Ma'aikatar Ƙwadago ta sa masu gashin ƙashi da ma'aikatan jinya a jerin Schedule A, wato asibiti ba sai ya nuna ya rasa ɗan ƙasa ba kafin ya ɗauki baƙo. Duk da haka wata doka ta 1996 ta wajabta a tantance karatunsa da Turancinsa, jiha kuma ba ta ba da lasisi sai ya ci jarrabawar NPTE. Sannan ga layi: bizar zama ta ma'aikata kusan 140,000 ce a shekara, rabon kowace ƙasa ba ya wuce kashi 7 cikin ɗari.

Lasisi ba ni da ja a kansa, majiyyaci yake karewa. Izinin aiki kuwa ba ya ƙara wa hannu ƙwarewa, ba ya rage ta. To me ya sa na ce ya ƙi tayin? Domin ranar da ya karɓi biza ya ɗauki alkawari, Suratul Ma'ida kuwa da umarnin cika alkawari ta buɗe. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa sun yi wa Ƙuraishawa alkawarin ba za su yaƙe su ba, sai ga Badar, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, kowane hannu ana bukatarsa. Annabi (SAW) ya ce su koma su cika alkawarinsu. Bukata ba ta warware alkawarin da aka yi wa abokan gaba ba, balle wanda aka yi wa mai masauki. Idan rai ne ke halin fita, wannan lalura ce, hukuncinta daban. Aikin kuɗi a ɓoye bai shiga ciki ba.

Amma kada a ɗauka haƙurinsa ya wanke kowa. Tsohuwar da gwiwarta ta sandare tana jiran mai motsa ta, alhali ƙwararre na zaune a ɗaki, haƙƙinta yana wuyan waɗanda suka amsa akwai ƙaranci kuma suka bar layin yadda yake.