Mudu Ɗaya Ranar Lahadi, Mudu Ɗaya Ranar Kasuwa

Akwai tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu duk sa'ad da aka sallame mu a ƙarshen Misa. Shin bangaskiyar da muka furta tana bin mu har gida da wurin sana'a, ko kuwa a ƙofar coci muke tuɓe ta mu rataye sai wata Lahadi?

Wannan tambaya tana da nauyi na musamman a gare mu da ke zaune a Tambuwal da Kebbe, inda ba mu da yawa. Cikinmu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda, da masu shago. Maƙwabtanmu Musulmi, galibinsu ba su taɓa jin wa'azinmu ba. Abin da suka sani game da Yesu Kristi, a hannunmu suke ganinsa: yadda muke awo, da yadda muke biyan bashi, da yadda muke riƙe amana.

Mu ɗauki misalin mudu. Mai sayar da gero ko shinkafa yana iya ajiye mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Yana iya zuba mai kyau a bakin buhu, ya ɓoye ƙaiƙayi a ƙasa. Annabi Amos, a sura ta 8, ya tsauta wa 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce domin su koma ga tauye awo. Waɗannan mutane suna kiyaye ranar ibada sarai, amma zuciyarsu tana wurin algus. Maƙwabtanmu ma sun san wannan laifi, gama a cikin Alƙur'ani akwai sura mai ɗauke da sunan masu tauye mudu. Saboda haka in Kirista ya yi ha'inci, ya jawo wa sunan da aka yi masa baftisma da shi zargi a idon mutanen da suka san hukuncin abin.

Kowace sana'a kuwa tana da mudunta. Malamin da ya sa hannu a rajista ya bar yara zaune, da ma'aikacin da ba ya duba takarda sai an ba shi na goro, da maigidan da ke waƙa da ƙarfi a coci amma matarsa tana jin tsoron dawowarsa, duka mudu biyu suke riƙe da shi. Taron Batikan na Biyu, wanda aka rufe a 1965, ya lissafta wannan rabuwa tsakanin bangaskiya da zaman yau da kullum cikin manyan kurakuran zamaninmu.

Wani zai ce, "Fada, kai ba ka da 'ya'ya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya yi tsada. In na yi gaskiya ni kaɗai, iyalina za su kwana da yunwa." Wannan magana ba abin rainawa ba ce, domin gaskiya takan jawo hasara, wani lokaci ma hasara mai zafi. Amma mu tuna cewa wadda aka tauye wa mudu ita ma tana da 'ya'ya, tsadar nan kuma ta same ta kamar yadda ta same mu. Wanda ya cuce ta ya kwashe yunwar gidansa ne ya kai gidan wanda ya fi shi rauni.

Har yanzu da sauran magana. Ba daidai ba ne mu umarci ɗan'uwa ya yi gaskiya, sa'an nan mu bar shi ya ɗauki hasarar shi kaɗai. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙar da ya sa wa hannu a Yawunde a 1995, ya ƙarfafa cewa Ekklesiya iyalin Allah ce. In haka ne, Zumuntar Mata da ta maza da ta matasa su san wanda ya ƙi cin hanci ya shiga matsala, su tallafe shi da bashi marar ruwa, ko da ciniki, ko da kwanon hatsi.

Wanda kuma ya riga ya faɗi, ƙofar tuba a buɗe take. Sai dai Ekklesiya tana koyar da cewa furta zunubi yana tafiya tare da mayar da abin da aka ci. Zakka, a Luka sura ta 19, ya yi alkawarin mayarwa ninki huɗu, a ranar kuwa ceto ya shiga gidansa.

Saboda haka, kafin Lahadi mai zuwa, kowannenmu ya dubi abu ɗaya: bashin da ya daɗe, ko awon da ya rage, ko aikin da ake biyansa bai yi ba. Ya gyara shi, sa'an nan ya zo gaban bagade. Allah ya ba mu ƙarfin yin haka. Amin.