Sabon Fenti a Kan Tsohon Ƙarfe

A shekarar 1957 kamfanin Chevrolet, reshen General Motors da ke birnin Detroit a ƙasar Amurka, ya fitar da sabon samfurin motarsa mai suna Bel Air. Daga cikin ire-irenta, wadda ta fi shiga ran mutane ita ce mai rufin ƙyalle, wanda ake naɗewa baya a bar sama a buɗe idan gari ya yi daɗi. Bayanta yana da fikafikai biyu masu tsini, gabanta kuwa ya sha adon ƙarfe mai ƙyalli. An ƙera kimanin 47,000 na wannan iri. Waɗanda suka rage yau sun zama abin nema ruwa a jallo, har wadda aka gyara da kyau takan kai dala 100,000 a wurin gwanjo, wani lokaci ma ta wuce.

Gyaran irin wannan mota aiki ne na shekaru. Sai an ɗage jikin daga kan shasi, a kwance kowane noti, a kankare fenti har ƙarfe ya fito tsirara. A nan ne ɓarna takan bayyana. Rufin ƙyalle yakan yi yoyo idan ya tsufa, ruwa ya kwanta a ƙasan kujeru, gishirin da ake zubawa a titunan jihohin arewacin Amurka lokacin ƙanƙara kuma ya ci ƙarfen daga ƙasa. Sai a yanke daɓen motar a yi waldar sabo, a sake kujeru, a sake wayoyi, a sake rufi. Saboda yawan masu neman kayan, akwai kamfanoni a Amurka da ke buga sabon jikin Bel Air ta 1957 gaba ɗayansa. To, idan an gama duk wannan, motar da ta fito daga gareji ita ce ta 1957, ko kuwa wata ce dabam da ta ari sunanta?

Tambayar ta girmi mota da ƙarnuka masu yawa. Plutarch, marubucin Helenawa na ƙarni na ɗaya zuwa na biyu, ya ba da labarin jirgin ruwan jarumi Tesiyos, wanda mutanen Atina suka adana don tunawa. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu: waɗansu suka ce jirgin yana nan, waɗansu suka ce ya riga ya tafi. A ƙarni na 17 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa muhawarar nauyi. Ya ce a ɗauka wani ya tattara tsofaffin katakon da aka zubar ya haɗa jirgi da su, wanne ne na Tesiyos a cikin biyun? Har yau masana ba su rufe zancen ba.

Hukuma ba ta iya jiran masana, saboda haka ta rataya sunan mota a kan ɗan ƙaramin allon ƙarfe mai ɗauke da lambarta. Amma allon ma ba ya warware komai. A shekarar 2016 wani mutum daga jihar Kansas ya sayi Corvette ta 1959 mai buɗaɗɗen sama, wadda aka riga aka gyara. Da ya kai ta rajista, sai aka gane an taɓa cire allon lambar an mayar lokacin gyara. Dokar jihar ta wancan lokaci ta ɗauki irin wannan mota a matsayin haramtaccen kaya, aka riƙe ta shekaru da dama, ko da yake babu wanda ya zargi mai ita da laifi. Sai a 2022, bayan majalisar jihar ta gyara dokar, aka mayar masa da abinsa. Gyaran dokar ya nuna cewa sauya kayan mota ba laifi ba ne. Wahalar mutumin kuma ta nuna cewa abin da mai gyara ya yi bai bar shaida ba, wani ne can gaba zai biya kuɗinsa.

A nan ne tambayar take barin hannun masana ta koma hannun lamiri. A 1957 ɗin nan Chevrolet ya fara sayar da inji mai fesa mai a maimakon kafireto, wanda mafi ƙarfinsa yake ba da ƙarfin doki 283. Kaɗan ne suka saye shi saboda tsada, shi ya sa motar da ta zo da shi daga masana'anta take da daraja ta musamman yau. Lambar motar kuwa ba ta nuna ko da shi ta zo. Mai wayo yana iya ɗora wannan na'ura a kan mota ta gama-gari, ya manna tambarinta a jiki, ya yi shiru. Haka kuma mai gaggawa yana iya shafe ramin tsatsa da fila a maimakon ya yanke ya sa sabon ƙarfe, ya bi da fenti mai sheƙi. Shi ya sa gogaggun masaya suke yawo da maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa, a nan aka binne wani abu.

Wani zai ce, wa aka cuta? Motar tana tafiya, tana da kyau, mai saye yana murna, kuma mai sayarwa bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Wannan hujja tana da daɗin ji, amma ba ta tsayuwa. Wanda ya biya dala 100,000 ba ƙarfe da roba ya saya ba, domin da rabin kuɗin zai sami sabuwar mota wadda ta fi wannan gudu da tsaro. Tarihi ya saya. Idan tarihin na jabu ne, an karɓi kuɗinsa a kan abin da ba a ba shi ba. Shiru kuwa, a wurin da mutum ya san abin da ɗan'uwansa yake zato, magana ce. Ban da haka, tsatsar da aka rufe ba ta daina ci, kuma ƙaryar takan bi motar daga hannu zuwa hannu, har mai gaskiya ya maimaita ta bai sani ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sau da yawa ba wanda ya haƙa shi ne yake faɗawa ciki ba.

Ya kamata mai karatu ya dubi motocin birnin Habana na ƙasar Kyuba. Tun farkon shekarun 1960 da Amurka ta sa wa ƙasar takunkumi, kayan gyara suka yanke, makanikai suka riƙa raya Chevrolet da Ford da Buick na shekarun 1950 da abin da ya samu. Da yawa daga cikin masu buɗaɗɗen sama da ke ɗaukar baƙi yau, injin dizal na wata ƙasa ne a cikinsu. A ma'aunin masu gwanjo waɗannan ba na asali ba ne. Amma direban da ya buɗe bonet ya nuna wa baƙo abin da ke ciki ya fi mai motar jabu mai sheƙi gaskiya, domin motarsa ba ta da'awar abin da ba ita ba ne. Masu tara motoci su ma sun soma fahimtar haka. A bikin Pebble Beach na Kalifoniya, wanda ake yi tun 1950, babbar kyautar 2024 ta tafi ga wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ba, da tabonta da komai, karo na farko a tarihin bikin.

Saboda haka ƙimar mai gyara ba ta tsaya ga ƙyallin fentinsa ba. Amintaccen mai gyara yakan ɗauki hoton kowane mataki, ya ajiye rasit, ya adana tsofaffin kayan da ya cire, ya miƙa wa mai saye duka tare da makulli. Yana iya sake rabin motar, ko ma fiye, ya kwana da lamiri mai tsabta, muddin ya faɗa. Ko motar ita ce ta 1957 ko ba ita ba ce, masana za su ci gaba da gardama. Abin da ke wuyan mai sayarwa bai kai wannan wuya ba: ya gaya wa mai saye abin da shi kansa zai so a gaya masa in da shi ne yake ƙirga kuɗin. Wannan ma'auni bai san Bel Air kaɗai ba. Ya shafi duk wanda ya taɓa shafa fenti a kan tsohon abu kafin ya kai shi kasuwa.