Gugush: Gida ko Murya, Wanne Ya Fi?

Akwai tambayar da ke damun duk mai bibiyar tarihin finafinan ƙasar Iran: idan aka ce wa mai fasaha ya zaɓa tsakanin ƙasarsa da sana'arsa, wanne ya kamata ya ɗauka? Rayuwar jaruma kuma mawaƙiya Fa'iƙa Atashin, wadda duniya ta fi sani da Gugush, ta isa misali.

An haife ta a Tehran a 1950. Tun tana 'yar ƙarama mahaifinta ke hawa dandamali da ita. Kafin ta kai shekara 30 ta zama tauraruwar da ba ta da tamka, ta fito a finafinai irin su "Bita" (1972) da "Hamsafar" (1975), har 'yan mata na kwaikwayon askinta. Da aka yi juyin juya hali a 1979, sai aka hana mata rera waƙa su kaɗai a bainar jama'a. Lokacin tana Amurka, amma ta tattara ta koma gida, ta kama bakinta shekara 21. Sai a 2000 ta fita, ta cika babban zaure a Toronto ta Kanada.

Wasu na cewa ta yi asarar ƙuruciyarta, domin baiwa amana ce, kuma wanda ya binne ta ya zalunci masu sauraro. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. To amma mai karatu, dubi abokin fitowarta a "Hamsafar", Behrouz Vossoughi. Shi ya bar ƙasar ya zauna a Amurka, ba wanda ya hana shi aiki, sai dai bai sake samun matsayin da yake da shi a gida ba. Jarumi da harshensa da 'yan kallonsa yake tashe, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muhammad Ali Fardin kuwa ya zauna, aka daina ba shi fim, ya koma sayar da darduma har ya rasu a 2000. Ka ga ke nan gaba kura, baya sayaki.

Saboda haka a ganina bai dace mu ce wanda ya tafi maci amana ne, ko wanda ya zauna matsoraci ne ba. Kowannensu ya biya farashi, kuma ba su suka tsara zaɓin ba. Tambayar ta fi dacewa da 'yan kallo. Duk tsawon shekarun nan ana ta sayar da kaset-kaset ɗin Gugush a ɓoye, ana jin daɗinsu a cikin gidaje, ita kuwa tana zaman kaɗaici, ba damar buɗe baki. Masoyin da ya mori muryarta ya bar ta da wahalar, da wane baki zai tuhume ta don ta zauna, ko don daga baya ta fice?