Kyamarar Dare da Hakkin Maƙwabci

Masu iya magana sun ce dare rigar mugu, su ne kuma suka ce dare mahutar bawa. Duka biyun gaskiya ne, domin duhun da ke ɓoye ɓarawo shi ne ke suturta mai mutunci. To, ga shi yau an wayi gari manyan gidaje a biranenmu, har da wasu a cikin lunguna, sun kafa kyamarar tsaro mai gani cikin duhu. Tambayar da nake so mu tattauna, ya mai karatu, ita ce: yaya mutum zai yage rigar mugu ba tare da ya kware mayafin maƙwabcinsa ba?

Bari mu fara sanin yadda abin yake aiki. Kewaye da idon kyamarar akwai 'yan ƙananan fitilu masu fitar da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda ake kira infirared. Da duhu ya yi, sai kyamarar ta janye wani ɗan gilashi da ke tare wannan haske da rana, ta koma ɗaukar hoto baƙi da fari. Fitilun iri biyu aka fi sani. Mai tsawon zango nanomita 850 takan yi ɗan ja kamar garwashi, kuma ta fi kai wa nesa. Mai 940 kuwa kusan ba a ganinta, amma haskenta bai kai na farkon ba. Akwai kuma masu ɗaukar hoto mai launi da dare, sai dai yawancinsu suna bukatar farar fitila a kusa.

Maigidan da ya je saye yakan nemi wadda za ta gano masa ko'ina: mai faɗin ido, milimita 2.8, a kafa ta can saman bene. A nan ne kwaɗayi yake cutar mai shi. In ido ya yi faɗi, kowane abu yakan ƙanƙance a cikin hoton, hasken fitilun ya watsu, fuskar mai tsallako katanga ta zama ɗigo. In ta yi sama ainun, tsakiyar kai za ta ɗauka, hula ko rawani, ba fuska ba. Masu sana'ar sukan ce a kafa ta kamar mita biyu da rabi zuwa uku, a zaɓi ido mai milimita 4 ko 6, a saita shi kan ƙofa ko kan kusurwar da ake tsoro. A kuma nisantar da ita daga farar katanga, don katanga takan maido hasken, kyamarar ta rage gani, bayan fage ya yi baƙi ƙirin. Haka saƙar gizo-gizo da ƙurar hunturu ke yi in ba a goge gilashin ba. Abin lura a nan shi ne, kyamarar da ta fi kama ɓarawo ita ce wadda ta tsaya ga ƙofar mai ita, wadda ta leƙa gidaje huɗu kuwa sau da yawa ba ta iya shaida ko mutum ɗaya.

Da a ce maganar ta tsaya nan, da sai mu ce fasaha ta raba gardama. Amma ba ta tsaya ba. Gidan Bahaushe an gina shi ne kan sutura: zaure a gaba, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida, kuma ba a jera ƙofofin a kan layi ɗaya don kada idon mai wucewa ya zarce. Tsakar gida ba rufi, makewayi ma a gidaje da yawa ba rufi. Da bazara, in zafi ya tsananta, mata da yara a tsakar gida suke kwana. Shi ya sa magini, kafin ya hau rufin ɗaki, yakan aika yaro ya shaida wa maƙwabta za a hau sama, su kimtsa. Kyamarar da ke bisa bene ta hau sama ke nan ba sallama, kuma ba ta saukowa. Ba sai na tuna wa malamaina ba cewa aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuma ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa.

Wani zai ce, ai lungu na kowa ne, wanda ba shi da abin ɓoyewa me zai tsorata? Ni ban yarda da wannan ba. Ba kowane mai tafiyar dare ne mugu ba. Magidancin da tukunyarsa ba ta hau wuta ba yakan jira duhu kafin ya je rancen kwanon hatsi. Matar da ta yi yaji takan fita da dare, a kuma maido ta da dare, gari ya waye ba wanda ya ji. Waɗannan ba laifi suke ɓoyewa ba, mutunci suke tsarewa. A cikin lacca da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya jera halayen mutumin kirki a wurin Hausawa, kunya da mutunci da amana suna ciki. Kunya kuwa tana bukatar wurin da za ta fake. Da can, tsohon da ke zaune a zaure yakan ga mai wucewa ya kau da kai, har ya manta da gangan. Maigadi ma yakan yi gyangyaɗi. Kyamara ba ta kau da kai, abin da ta gani yana ajiye, gobe wani yaron gida ya tura shi WhatsApp.

Turawa ma sun taɓa wannan rigima. A 2021 wata kotu a Oxford ta Ingila ta ba wata mata gaskiya a kan maƙwabcinta da ya kewaye gidansa da kyamarori, har da ƙararrawar ƙofa ta Ring. Abin da ya fi damun alƙaliyar shi ne na'urar tana ɗaukar maganar mutane daga nesa ba da saninsu ba. Mu da muke hira a dakali bayan sallar isha'i, wannan ya fi shafar mu.

Duk da haka ba zan ce wa wanda aka taɓa haura wa katanga ya zauna a duhu ba. Tsoronsa gaskiya ne, kuma ranar da aka sace babur a lungu, maƙwabcin da ya yi ƙorafi shi zai fara sallama yana neman a duba masa hoto. Saboda haka, a ganina, abin tambaya shi ne wa ya san da idon, ina kuma ya dosa. Na fi son fitila mai ɗan jan nan a kan wadda ba a gani, domin mai ja tamkar gyaran murya ce: ɓarawo ya san an gan shi, mai wucewa ma ya sani. Yawancin kyamarorin yanzu suna da wurin da ake shafe wani yanki na hoton da baƙi, sai a shafe tagar maƙwabci da tsakar gidansa, a kashe ɗaukar murya, a canza lambar sirrin da kamfani ya sa. Kafin a ɗaure kusoshi, a kira maƙwabcin da dare ya tsaya gaban allon, ya ga da idonsa iyakar abin da ake gani. Saura bakin lungu, inda ƙofofi biyu ke fuskantar juna, ba yadda za a tsare ɗaya ba a ga ɗayar ba. Wannan kam sai an zauna da mai unguwa.