Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Galibi ba a wurin yabo ake jin wannan karin magana ba. Yaro ya ɗura ashar a gaban manya, sai wata tsohuwa ta taɓe baki ta ce, "Ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." An zagi iyaye ke nan ba tare da an kama suna ba. Amma maganar ta wuce gori, kuma a ganina babu wanda ya kamata ya zauna ya juya ta kamar malamar da ke riƙe da ajin nazare a garin Gombe.

Masarautar Gombe ta Buba Yero ce tun zamanin jihadi, ko da yake fadar ba ta dawo inda take yanzu ba sai 1919. Da aka yanke jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996, ma'aikata suka kwararo daga Billiri da Kaltungo da Deba da Dukku, kowa da iyalinsa. Daga baya rikicin Boko Haram ya koro wasu gidajen daga Borno da Yobe. Shi ya sa aji ɗaya a Pantami ko Tumfure zai iya haɗa ɗan Fulani da ɗan Tangale, 'yar Tera da 'yar Waja, ɗan Barebari, da ɗan Ibon da babansa ke da shago a kasuwa. Dukansu ba su wuce shekara huɗu ba, kuma babu abin da suka zo da shi sai abin da suka ji a gida.

A takarda an san da wannan. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin, dokar UBE ta 2004 kuma ta sa renon ƙuruciya cikin ilimin bai-ɗaya. A cikin aji labarin daban ne. Makarantun kuɗi da yawa Turanci suke tallatawa, iyaye ma shi suke biya, har ana tsawatar wa yaro don ya "yi yare". Sai ka ga yarinyar da ke cika gida da surutu ta zama kurma a makaranta. Ƙishirwa na cin ta, ta ja gefen zanen Anti, wato malamarsu, tana faɗin abin da take so da Fulatanci, Anti ta ce ta faɗa da Turanci, ita kuwa ta koma kujerarta ta yi shiru. Ƙarshen zango a rubuta cewa ba ta da ƙoƙari.

Mu masu Hausa ma kada mu yi saurin wanke kanmu. A Gombe "harshen da aka fi ji" Hausa ne, kuma yana danne ƙananan harsuna ba tare da kowa ya ɗaga bulala ba. Malamar da ta sauya wa yaro suna don nasa ya yi mata nauyi a baki ta koya wa sauran yaran cewa abin gidansu ba abin a wahala a kansa ba ne.

Inda aikin ya fi wuya shi ne kukan gida ba duka ke da daɗi ba. Lokacin tara ya yi, an buɗe kuloli, wannan ɗanwake, wancan taliya, waccan ƙosai. Wani yaro ya miƙa wa na kusa da shi loma, shi kuwa ya noƙe kafaɗa ya ce, "Mamata ta ce kada in ci abincinku." Ko ya jefa masa kalmar nan da ake kiran wanda ba addininku ɗaya ba, alhali bai ma san ma'anarta ba. Nan karin maganar ke hana malama yin kuskure biyu. Ba za ta hau yaron da duka ba, domin ba shi ya ƙirƙiro ba. Ba kuma za ta ce masa uwarsa muguwa ce ba, domin ɗan shekara huɗu ba ya iya raba kansa da uwarsa. Abin da ya rage mata shi ne ta kafa dokar ajinta: ba dole ka ci ba, amma sai ka ce ka gode, kuma a nan ba a kiran kowa da wannan kalma. Sauran maganar ta manya ce, a yi ta da iyaye a keɓe idan sun zo ɗauka.

Yawancin gyaran ba ya cin kuɗi. Ranar da aka kawo yaro, a tambayi iyaye da wane harshe ake masa magana, yaya yake cewa yana jin fitsari ko ƙishirwa, me ba ya ci. Idan za a ɗauki masu reno, kada su fito daga unguwa ɗaya da yare ɗaya. Addu'ar safe kada a tilasta wa ɗan wani ta wani. A kira kakanni su zo su yi tatsuniya da harshensu, ko da rabin ajin bai ji ba. Yara sun iya bin labari ta hannu da fuska, kuma jikan tsohuwar zai yi musu tafinta yana ƙafafa.