Almajiri da Maƙwabcinsa

Kalmar almajiri tana cikin kalmomin da Bahaushe ya ara daga Larabci har ta zama tasa. Asalinta al-muhajir, wato wanda ya yi ƙaura daga gidansu. A Droum, ƙaramar hukumar da ke kudu maso yammacin birnin Damagaram, in ka ce almajiri kowa zai tuna yaro da allo da ƙoƙo, wanda iyayensa suka damƙa wa malam. Amma in mutumin Droum ya shiga birni ranar Lahadi da hantsi, ya ratsa ta gefen majami'a, zai iya jin kalmar nan tana fitowa ta taga. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ita suka zaɓa su kira mutanen da suka bi Yesu Almasihu. Don haka Bahaushe Kirista shi ma almajiri yake kiran kansa, tafarkinsa kuma almajiranci.

Daga nan tambayarmu ta taso. In almajiranci ƙaura ne, mene ne mai bi yake bari a baya? Danginsa da maƙwabtansa, ko kuwa wani abu dabam? Tambayar ta shafi Kirista, ta kuma shafi Musulmin da katanga ɗaya ta raba gidansa da nasa.

Sai mun waiwayi tarihi kafin mu gane nauyinta. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. A 1899 sojojin Faransa suka ci nasara a Tirmini, suka shiga birnin, wanda daga baya ya zama hedkwatar mulkin mallaka har zuwa 1926. A 1924 ne ƴan mishan na SIM suka buɗe tasharsu ta farko a Damagaram. Ba Faransawa ba ne, masu jin Ingilishi ne, hukumar mallaka ma ba ta saki jiki da su ba. Amma talaka bai ga bambanci ba, domin kalma ɗaya gare shi, Nasara, ita ce Bature, ita ce kuma Kirista. Aikin mishan ya fi kama ƙasa a wajen Maraɗi, a Tsibiri, sannan a Galmi inda aka buɗe asibiti a 1950. A Damagaram masu bi ƴan kaɗan ne, kamar yadda suke a ƙasar baki ɗaya, inda ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ɗan ƙasa da ya karɓi baftisma a wancan zamani ana yi masa kallon wanda ya koma wajen baƙi. Sau da yawa kuma gidan mishan ne ya zame masa mafaka da wurin aiki, har a can yake samun matar aure. Ƙaurar ta zama ta zahiri.

To, yaya rayuwar ƙaramar ikilisiya take? Wanda bai taɓa shiga ba zai zaci sujadar Lahadi ita ke nan: waƙoƙi da ganga da tafi, karatu, wa'azin fasto, baiko, addu'ar sallama. Alhali mafi yawan aikin a sauran kwana shida ake yin sa. Zumuntar mata ce ke zuwa barka in an haihu, ita ke jinya, ita ke ɗora tukunya a gidan makoki. Dattawa ke zama a kan rikicin miji da mata. Bayan girbi manomi yakan kawo damin gero don godiya, a rage wa gwauruwa da maraya. Jama'ar da ba ta da yawa ba ta da wurin ɓuya: in kujerarka ta zauna babu kowa, kafin la'asar wani ya yi sallama a ƙofarka. Wanda kuka yi cacar baki da shi ranar Laraba, da shi za ku ci Jibin Ubangiji ranar Lahadi. Bisharar Matiyu ta umarci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da wata damuwa game da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. A babban taro mutum na iya jin wannan ya wuce abinsa. A taron mutum talatin kuwa, ɗan'uwan yana zaune a bayanka, kana jin numfashinsa.

Wannan ita ce makarantar almajiranci, darasinta kuwa haƙuri ne da faɗin gaskiya da neman gafara. Sai dai makarantar tana da tarko. Jama'ar da take ƴar kaɗan, wadda kuma ta san tsoro, tana iya ƙulle kanta. Sai ka ga mai bi ba ya zuwa suna sai na mai bi, ba ya ba da rance sai ga wanda suke waƙa tare, gaisuwar maƙwabci ma ta koma daga nesa. Yakan ɗauka wannan tsarki ne. A ganina rabin darasi ya koya. Ƙaunar da ta tsaya a ƙofar majami'a ba ta wuce son dangi ba, wanda kowane ɗan'adam yake da shi ba tare da an koya masa ba. Da wani masanin shari'a ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, sai ya ba shi labarin mutumin da ƴan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko. Malaman addininsa biyu suka gan shi suka ratse, wanda ya tsaya ya ɗauke shi kuwa Basamariye ne, mutumin wata al'umma mai wata alƙibla. In an kawo labarin ƙasarmu, wanda ke kwance a hanya yana iya zama Malam, yana iya zama Fasto.

Mai karatu zai iya cewa na sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi, kuma yana da hujja. A cikin Bishara akwai maganganu masu tsauri game da fifita Almasihu a kan uwa da uba. Akwai waɗanda bangaskiyarsu ta jawo musu asarar gado, ko aure, ko wurin zama a zauren mahaifinsu. Akwai kuma abin da mai bi ba zai yi ba ko da za a ji haushinsa: ba zai tsaya a sahun salla don a ce yana da kirki ba, kamar yadda Musulmi ba zai karɓi Jibin Ubangiji don ya faranta wa aboki ba. Wanda ya ce addinan nan biyu abu ɗaya suke faɗi bai girmama ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma a lura da bambanci tsakanin wanda aka kora da wanda ya kori kansa. Na farko an ɗora masa kaya ne, na biyu shi ya zaɓa. Aƙida tana hana mutum sujada a inda zuciyarsa ba ta yarda ba. Ban san inda ta hana shi kama igiyar guga tare da maƙwabci, ko zuwa gayya a gonarsa, ko zama a tabarmar ta'aziyya ba. Abin da almajiri ya yi ƙaura daga gare shi shi ne ƙarya da ramuwa da girman kai. Unguwa kuwa tana nan, a cikinta za a gwada ko ya koyi wani abu.

An yi wannan gwaji a idon duniya. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen da ya ɓata wa Musulmi rai, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram. Aka ƙone majami'u da gidaje da shagunan Kirista, da cibiyar al'adun Faransa. Washegari wutar ta kama a Yamai. Mutum 10 suka rasu a biranen biyu, ɗaruruwan Kirista kuma suka fake a barikin soja na Damagaram. Waɗanda aka ƙona wa ɗakin sujada ba su zana kome ba, yawancinsu ba su taɓa ganin jaridar ba. Tsohuwar kalmar nan, Nasara, ita ce ta sake haɗa su da baƙi. Amma a ranakun nan akwai Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu, shugabannin ikilisiyoyi kuma suka yi kira da a yafe, kada a rama. Wanda ya buɗe ƙofa, wa ya buɗe wa? Mutumin da ya sani, wanda ya zo masa barka, wanda ƴaƴansu suke lakkol ɗaya. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma ƙafar da ta saba da hanya tun ana zaman lafiya ita ce ke gane ta ranar tashin hankali.

Masu rinjaye ma suna da nasu nauyin, wanda ya fi girma domin ƙarfi yana hannunsu. Musulunci ya tsananta haƙƙin maƙwabci, malamai kuma sun bayyana cewa wanda ba Musulmi ba yana da wannan haƙƙi. Tarihi ya adana cewa muhajirai na farko, tun kafin hijirar Madina, Habasha suka nufa, inda sarki Najjashi, Kirista, ya ba su mafaka ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. Al'ummar da ta taɓa zama ƴar kaɗan a ƙasar wani ta san abin da ake bin ta in wani ya zama ɗan kaɗan a ƙasarta.

Mu malaman makaranta, a ajinmu ne yaran nan suke fara haɗuwa. Wata rana za a sami yaro ɗaya mai suna Bulus ko Rahila a cikin yara sittin, sauran kuma za su dubi fuskar malam su ga yadda zai kira sunan. Iyayen yaron su ma suna da aiki: su bar shi ya je wasa gidan abokinsa, su aika da tuwon Kirsimeti, su karɓi naman layya in an kawo, su yi godiya. Allah ya ba mu maƙwabta nagari, ya sa mu ma mu zama nagari gare su.