Ɗalibi da Fartanya: Ko Noma Yana Rage Darajar Mai Ilimi?

A karanta: Farawa 2:4-15, Ayyukan Manzanni 18:1-4.

Sa'ad da hunturu ya sauka a Jalingo cikin watan Disamba, makarantu sukan tashi, samari kuwa su koma gida. A lokacin nan damina ta wuce, ana girbin dawa, ana sussukar shinkafa, masu lambu kuma sun fara noman rani a bakin kogin Lamurde. Tambayarmu ke nan: ya kamata wanda ya yi nisa cikin karatu ya tuɓe takalmansa, ya koyi aiki wurin manomin da bai san baƙi ba?

Waɗansu sun ce a'a. Uba ya sayar da doyarsa da awakinsa ya biya kuɗin makaranta domin ɗansa ya huta da wahalar fartanya. In yaron ya koma gona, ashe, ba asara aka yi ba? Kada mu rena wannan magana, gama daga ƙauna ta fito.

Amma bari mu duba al'amarin da kyau. A Jalingo akwai Kwalejin Aikin Gona, akwai kuma Jami'ar Jihar Taraba wadda aka kafa a 2008. A can ɗalibi yakan koyi irin abincin da shuka take sha daga ƙasa, da cututtukan da suke kama ta. Wannan ilimi ne mai daraja. Duk da haka littafi ba ya koya wa hannu yadda za a daidaita fangali har ruwa ya kai kowace kusurwa, ko yadda za a cire ɗan albasa bayan kamar mako shida ba tare da an tsinke saiwarsa ba, a dasa shi da yamma sa'ad da rana ta yi sanyi. Mumuye na ƙasar Zing da Yorro sun shahara da noman doya, amma ba a aji suka koyi zaɓen iri da tada tudu ba. Daga hannun uba ya shiga hannun ɗa. In ɗan ya ji kunyar karɓa, ran da aka binne tsohon, an binne ilimin tare da shi.

Saboda haka abin da yake hana ɗalibi sunkuyawa, sau da yawa girman kai ne. Mu tuna, tun kafin zunubi ya shigo aka sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kiyaye ta. Watau aikin ƙasa ba la'ana ba ne. Bulus kuwa, wanda ya yi karatu wurin Gamaliyel, bai ji kunyar ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti ba.

Ɗalibin ma yana da abin bayarwa. Shi ne zai karanta takardar da take jikin kwalbar maganin ƙwari, ya hana a zuba fiye da kima. Shi ne zai rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu, domin a san ko lambun ya yi riba. Da haka tsoho ya zama malamin yaro, yaro kuma ya zama mataimakin tsoho, kowa ya girmama ɗan'uwansa.

Ga uban nan kuwa sai mu ce: kuɗinka bai ɓata ba. Ɗan da ya iya alkalami da fartanya duka biyu ba zai kwana da yunwa yana jiran aikin ofis ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai karatu yakan ji kunyar a gan shi da fartanya?
2. Wane ilimi ne dattawan ikkilisiyarku suke da shi wanda ba a rubuta ba?
3. Ƙaƙa za ku haɗa samari da manoma cikin hutun bana?